TARIHIN WASAN STARDEW VALLEY DA DALILIN DA YA SA MUTANE SUKA KAMU DA SONSA

Gabatarwa

Ranar 26 ga watan Fabrairu na shekarar 2016 aka fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Stardew Valley a kasuwar intanet da ake kira Steam. Ba wani babban kamfani ne ya ƙirƙiro shi ba. Wani saurayi ne ɗan ƙasar Amurka, mai suna Eric Barone, ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa har shekara huɗu da rabi yana haɗa shi. Kafin wata biyu ya cika an sayi fiye da kwafi miliyan 1, zuwa ƙarshen shekarar 2024 kuwa adadin ya haura miliyan 41. Abin da ake yi a cikin wasan bai wuce noma da kiwo da kamun kifi da zaman cuɗanya da maƙwabta ba.

To, a nan ne tambaya ta taso. Kowace shekara manyan kamfanoni sukan zuba dukiya mai ɗimbin yawa su fito da wasanni masu kyan hoto kamar majigi, amma da yawa daga cikinsu ba sa shekara ake mantawa da su. Me ya sa wannan ɗan wasan noma ya zauna daram a zukatan mutane shekara da shekaru? Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun tarihinsa domin neman amsa. Ra'ayina kuwa shi ne, son da ake yi masa ya samo asali ne daga amana: wasa ne da ya girmama lokacin mai yin sa, kuma wanda ya ƙera shi ya riƙe alkawarin da ke tsakaninsa da jama'arsa.

Asalin Wasannin Masu Zaman Kansu

Kafin mu shiga zancen Barone ya kamata mu san gidan da wasansa ya fito. Idan an ce wasan masu zaman kansu, ana nufin wasan da mutum ɗaya ko 'yan tsirarun mutane suka yi da aljihunsu, ba tare da wani kamfani ya tsaya a kansu yana ba su umarni ba. Wannan ba sabon abu ba ne. A farkon shekarun 1980, bayan fitowar wata ƙaramar kwamfuta mai araha da ake kira ZX Spectrum a Ingila a 1982, samari da yawa sun riƙa rubuta wasanni a ɗakunan kwanansu ana sayarwa a kaset. Alal misali, Matthew Smith yana ɗan shekara 17 ya fito da Manic Miner a 1983.

Da tafiya ta yi nisa sai na'urori suka ƙara ƙarfi, yin wasa ɗaya ya koma aikin ɗaruruwan ma'aikata, kuma ba mai iya kai hajarsa kanti sai wanda babban kamfani ya ɗaure wa gindi. Intanet ce ta sake buɗe ƙofa. A 2004 wani Bajapane mai suna Daisuke Amaya ya saki Cave Story kyauta, bayan ya yi shekara biyar yana aikinsa a lokutan hutunsa. A 2009 Markus Persson na ƙasar Suwidin ya fara sakin Minecraft, wanda kamfanin Microsoft ya saye tare da kamfanin da ke yin sa a 2014 a kan dala biliyan 2 da rabi. A 2012 kuma kasuwar Steam ta fito da wani tsari mai suna Greenlight, inda kowa zai iya nuna wasan da yake haɗawa, jama'a su jefa ƙuri'a ko suna so a sayar da shi. Ta wannan ƙofa ce Barone ya shigo.

Tushen Abin a Japan

Shi kansa wasan noma ba Barone ne ya ƙago shi ba, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. A 1996 aka fitar da wani wasa a Japan wanda Turawa suka sani da sunan Harvest Moon. Wanda ya kawo tunaninsa, Yasuhiro Wada, a karkara ya tashi, daga baya ya koma birnin Tokyo, sai kewar rayuwar ƙauye ta sa shi tunanin yin wasan da babu yaƙi a cikinsa. A zamanin da yawancin wasanni faɗa ne da harbi da tsere, shi sai ya ba mai wasa fartanya da butar ban ruwa da saniya. Wasan ya karɓu, aka ci gaba da fitar da wasu a bayansa, ciki har da Back to Nature na 1999, inda yaro yake gadon gonar kakansa, mutanen gari su ba shi wa'adin shekara uku ya farfaɗo da ita, in ya kasa ya tattara nasa ya nasa ya bar garin.

Barone yana cikin yaran Amurka da suka tashi da son wannan wasa. A ganinsa, waɗanda suka biyo bayan Back to Nature sun yi ta raguwa a armashi, kuma ya nemi irinsa a kwamfuta bai samu wanda ya gamsar da shi ba. Wannan shi ne darasi na farko a tarihin nan: mutumin da ya yi wasan, kafin ya zama maƙeri, shi ma masoyi ne wanda aka bari da ƙishirwa.

Shekara Huɗu da Rabi a Ɗaki Ɗaya

An haifi Eric Barone a 1987, ya tashi a jihar Washinton ta Amurka, ya gama digirinsa na ilmin kwamfuta a 2011. Ya nemi aiki bai samu ba. Sai ya yanke shawarar ya riƙa haɗa ɗan ƙaramin wasa irin Harvest Moon domin hannunsa ya faɗa, ko ya sami abin nuna wa masu ɗaukar ma'aikata. Da farko sunan da ya sa masa Sprout Valley, kuma zatonsa aikin 'yan watanni ne.

Aikin 'yan watanni sai ya zama na shekaru. Shi ne mai rubuta umarnin kwamfuta, shi ne mai zane, shi ne mai tsara kiɗa da sauti, shi ne kuma mai rubuta duk maganar da mutanen garin wasan za su furta. Yakan yi kimanin awa goma a rana yana aiki, babu Asabar babu Lahadi. Domin samun na cefane yana ɗan taɓa aikin nuna wa 'yan kallo kujerunsu a wani gidan wasan kwaikwayo a birnin Seattle. Wani abin da ya ja lokacin shi ne, duk sa'ad da hannunsa ya ƙara gwanancewa a zane, sai ya dubi abin da ya yi a baya ya ga bai yi masa ba, ya rushe ya sake. Fuskokin mutanen garin kawai ya sake zana su sau da yawa.

A watan Satumba na 2012 ya nuna wasan a Greenlight da laƙabinsa na ConcernedApe, jama'a suka amince da shi. A 2013 wani ƙaramin kamfani na Landan mai suna Chucklefish ya karɓi nauyin talla da harkar kasuwanci, shi kuwa ya ci gaba da ƙira. Masu jira suka yi ta matsa masa ya sayar musu da wasan ko bai ƙarasa ba, kamar yadda wasu ke yi, ya ƙi. Sai da ya ga ya nuna sa'an nan ya sauke shi, a kan dala 15 ba ko sisi a bayanta. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Yadda Wasan Yake

Domin mai karatu da bai taɓa ganinsa ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Wasan yana farawa ne da ma'aikacin ofis a wani katafaren kamfani na ƙage mai suna Joja, yana zaune gaban kwamfuta cikin jerin ma'aikata da suka gaji da rayuwa. Sai ya buɗe wasiƙar da kakansa ya bar masa, ya tarar an ba shi gadon wata tsohuwar gona kusa da ƙauyen Pelican Town. Ya ajiye aiki ya tafi. Ya sami gona duk ciyawa da duwatsu da kututture, a hannunsa kuwa ba komai sai tsofaffin kayan aiki, da tsabar kuɗi 500, da irin shuka guda 15 na wata saiwa mai kama da karas wanda magajin gari ya ba shi kyauta.

Shekarar wasan tana da yanayi huɗu irin na ƙasashen Turawa, kowanne kwana 28. Yini yana farawa ƙarfe 6 na safe, kuma dole a kwanta kafin ƙarfe 2 na dare, watau kimanin minti 14 ke nan a agogonmu na zahiri. Kowane sara da kowane ban ruwa yana rage ƙarfin jikin mai gona, don haka ba zai iya yin komai da komai a rana ɗaya ba, sai ya zaɓa. Yana iya noma, ko kiwo, ko kamun kifi, ko ya shiga ramin haƙar ma'adinai mai hawa 120 zuwa ƙasa, ko kuwa ya yini yana zagaya gari yana gaisuwa da kai kyauta. In ya so ya yi aure ya haihu.

Dalili na Farko: Girmama Lokacin Mai Wasa

Za mu fi gane wannan dalili idan muka kwatanta shi da wani wasan noma da ya riga shi tashe, watau FarmVille, wanda kamfanin Zynga ya fitar a dandalin Facebook a 2009. A 2010 masu yin sa a wata sun haura miliyan 80. Amma dabararsa ita ce, shukar da ka yi tana girma ne da agogon zahiri, in ba ka dawo kan kari ba ta bushe, sa'an nan a nuna maka hanyar biyan kuɗi na gaske domin ka gaggauta aiki ko ka ceto amfaninka. Haka kuma yana tura ka ka dami abokanka da roƙon taimako. Mutane sun yi ta komawa gare shi saboda tsoron asara. A ranar ƙarshe ta 2020 aka rufe shi, gonakin miliyoyin mutane suka bi ruwa.

A Stardew Valley kuwa lokaci ba ya tafiya sai kana ciki. In ka rufe kwamfutarka ka yi shekara ba ka waiwaye shi ba, ranar da ka dawo za ka tarar da kajinka da shukarka yadda ka bar su. Babu abin da ake sayar maka a ciki da kuɗin gaske. Babu kuma faɗuwar da za ta kore ka daga wasan: bikin da ya wuce ka bana zai dawo baɗi.

Akwai wani ɗan labari da ya nuna cewa da gangan aka gina shi haka. A farkon shekara ta uku ta wasan, kurwar kakan nan takan bayyana ta auna ƙoƙarin jikansa, a kunna kyandir daga ɗaya zuwa huɗu a kan kabarinsa. A fitowar farko kalaman kakan suna da zafi ga wanda bai taɓuka abin kirki ba, kuma hukuncin sau ɗaya ne. Masu wasa suka nuna abin ya sosa musu rai. Cikin 'yan makonni, a watan Maris na 2016, Barone ya sassauta harshen tsohon, ya kuma ba da damar a ajiye lu'ulu'u a kabarin a sake neman awo ko yaushe aka shirya. Dubi bambancinsa da wa'adin shekara uku na Back to Nature. A can in ka gaza a kore ka, a nan kuwa sannu ba ta hana zuwa.

Dalili na Biyu: Mutanen Garin

Da gona ce kawai a wasan, da an daɗe da gajiya da shi. Abin da ya riƙe mutane shi ne mazauna ƙauyen, su fiye da 30, kowa da gidansa da sana'arsa da ranar haihuwarsa da abin da yake so da wanda ya tsana. Da farko wasunsu ko kallon arziki ba za su yi maka ba. Sai ka daɗe kana gaisuwa da alheri sa'an nan su fara buɗe maka cikinsu, kuma abin da ke cikin ba duka ne mai daɗi ba.

Akwai Shane, mai jera kaya a kanti, wanda shaye-shaye da baƙin ciki suka kai shi bakin halaka. Akwai Kent, soja, wanda ba ya dawowa daga fagen fama sai a shekara ta biyu, ya dawo kuwa da tabon yaƙi a zuciya, har ƙarar gugguru a tukunya takan firgita shi. Akwai Pam, direbar bas da ta rasa aikinta, tana zaune da 'yarta Penny a wani ɗan akurkin gida na tirela. Akwai kuma Linus, dattijon da ke kwana a tanti a gindin dutse, wanda za ka kama shi da dare yana tonon kwandon shara, mai gidan abincin garin ya fito ya ba shi abinci cikin mutunci. Zanen wasan na ɗigo-ɗigo ne irin na wasannin da, amma matsalolin mutanensa na gaske ne, kuma da yake hannu ɗaya ne ya rubuta su duka, muryar marubucin ba ta ɓacewa. Mai wasa yana jin cewa da wani ɗan Adam yake hira.

Har wa yau, a tsakiyar labarin akwai zaɓi. Zauren taron garin ya zama kango, kamfanin Joja kuma ya buɗe babban kanti yana neman kashe kasuwar ɗan tiredan garin. Kana iya biyan 5,000 ka zama ɗan ƙungiyar Joja, a mai da zauren sito, sa'an nan ka sayi duk gyare-gyaren gari da kuɗi. Ko kuwa ka bi doguwar hanya, ka riƙa kawo amfanin gona da kifi da ma'adinai na kowane yanayi kaɗan-kaɗan har ɗakuna shida na zauren su farfaɗo. Ta kowace hanya za a gyara motar bas, Pam ta koma bakin aikinta, amma ta hanya ta biyu ce kaɗai jama'a za su taru a zaurensu, kantin Joja ya rufe. Wasan bai hana ka hanyar kuɗi ba, ya dai bar ka da zuciyarka.

Dalili na Uku: Riƙon Alkawari

Da wasan ya fito ya yi kasuwa, Barone ya zama attajiri cikin 'yan makonni. Da ya so da ya kama gabansa. Maimakon haka sai ya duƙufa yana gyaran kurakurai kusan kullum, har waɗanda ajiyar wasansu ta lalace sukan aika masa ya gyara musu da hannunsa. A lokacin jaridun wasanni sun ba da labarin yadda wasu da suka sauke wasan ta hanyar sata suka riƙa cewa kunya ta kama su, za su je su saya.

Daga nan ƙari ya yi ta biyo ƙari. A 2018 aka sa damar mutum huɗu su yi noma a gona ɗaya ta intanet, aka kuma kai wasan wayar hannu. A watan Disamba na 2020 aka ƙara wani tsibiri sukutum mai suna Ginger Island. A watan Maris na 2024 aka sake wani babban ƙari, wanda ya sa fiye da mutum 200,000 suka kasance cikin wasan a lokaci ɗaya a Steam, shekara takwas bayan fitowarsa. Duk waɗannan, ban da na wayar hannu, kyauta ne ga wanda ya riga ya saya, kuma a 2024 Barone ya yi rantsuwa a bainar jama'a cewa muddin yana raye ba zai karɓi kuɗi a kan ƙari ba. Bugu da ƙari, bai hana masu sha'awa su yi wa wasan kwaskwarima da kansu ba, har ma ya jawo wasu daga cikinsu aiki tare da shi. Shi kansa Yasuhiro Wada, da suka haɗu, ya yaba wa wasan saboda ya riƙe 'yancin da ya so Harvest Moon ya kasance da shi tun farko. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, ɗalibin tarihi bai kamata ya tsaya ga yabo kawai ba. Abu na farko, noman da ke cikin wasan mafarkin ɗan birni ne. Babu fari, babu fara, babu bashin taki, shuka tana nuna cikin 'yan kwanaki, kuma duk abin da ka zuba a akwatin sayarwa da dare kuɗinsa na hannunka da safe. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya tun safe har azahar ya san ba haka abin yake ba. Wada daga Tokyo ya yi kewar ƙauye, Barone kuma daga Seattle ya gina nasa, saboda haka abin da wasan yake bayyanawa shi ne gajiyar ma'aikacin ofis da kaɗaicin zaman birni, fiye da halin da manomi yake ciki.

Abu na biyu, da yawa daga masu wasan sukan gudo daga kamfanin Joja su zo su kafa irinsa a gonarsu. Za ka ga mutum ya cika fili da injunan ban ruwa da ɗaruruwan gangunan sarrafa amfani, yana lissafin ribar kowane taku, ba shi da sauran lokacin gaishe da kowa. Wasan ya ba da 'yanci, hali kuwa zanen dutse ne.

Abu na uku, kuma mafi muhimmanci ga matasa masu sha'awar wannan sana'a, labarin Barone yana iya ruɗarwa. Ana yawan cewa shi kaɗai ya yi, amma a shekarun nan da ba shi da albashin kirki abokiyar zamansa ce ta ɗauki mafi yawan nauyin gida, kamar yadda ɗan jarida Jason Schreier ya bayyana a littafinsa na 2017. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'an nan a 'yan shekarun nan wasannin da ake fitarwa a Steam sun wuce 10,000 a kowace shekara, mafi yawansu ba wanda ya san da su, alhali masu su ma sun sha wahala irin tasa. Haƙuri da ƙwarewa sun yi aiki a labarin nan, amma sa'a da dacewa da lokaci su ma sun taka rawa.

Kammalawa

Mun ga yadda tunanin da ya tsiro a Japan a 1996 ya ratsa ta hannun wani saurayi marar aikin yi a Amurka ya zama ɗaya daga cikin wasannin da aka fi saye a duniya. Mun kuma ga cewa wasa yana iya riƙe mutum ta hanya biyu: ko ta tsoron asara da ɗana masa tarko, ko ta sa shi ya ji ana mutunta shi. FarmVille ya bi ta farko ya tara jama'a ya watse. Stardew Valley ya bi ta biyu, shi ya sa mutum zai bar gonarsa shekara biyu, wata rana kewa ta kama shi ya koma ya duba kajinsa.

Wannan darasi ya shafi duk mai ƙirƙira, har da mu 'yan wannan ƙungiya masu rubuta waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari. Barone ya yi abin da shi kansa yake ƙishirwar gani, bai fitar da shi ɗanye ba, kuma da jama'a suka karɓa bai juya musu baya ba. Mai karatu da mai kallo da mai wasa duk suna gane aikin da aka yi domin su da wanda aka yi domin aljihunsu. Allah ya sa mu dace.